Littafin Daminata Da Ɗalibar Indiya

Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Sani ne daga gefen Makoda.

Na daɗe ina rubuta ranar saukar ruwa da ranar shukar gero. Yaya Habu kan ce, "Kai da littafin nan, sai ka ce magatakardan kotu." Har na fara ganin ɓarnar biro nake yi.

Makon jiya malaman jami'a suka zo gonarmu da wata ɗaliba daga Indiya, suna bincike tare. Ta duba littafin, ta roƙi tafiya da shi jami'arsu.

Na ce, "Ki ɗauki hotonsa, ki sa sunan ƙauyenmu. Littafin kam yana nan, damina na tafe."

Masu sauraro, na yi daidai kuwa? Ina gaida Yaya Habu, wanda jiya ya sayo mini sabon biro.