Kek ɗin da Muka Gasa a Tukunyar Yashi

Assalamu alaikum. Shugabar taro, Hajiya Ummi. Wakilin mai unguwa, Malam Jibril. Malamanmu da suka yi wata uku suna fama da mu a ajin girki. Iyayena da 'yan'uwana ɗalibai, ina gaishe ku gaisuwar girma. Ni Naja'atu Manu, ina godiya da kuka ba ni damar magana a madadin waɗanda aka yaye yau.

An ce in faɗi dalilin da ya sa na zaɓi kek ɗin cakulan da gyaɗa, wanda yaran yanzu ke kira burawni, a jarrabawar ƙarshe. Abu biyu zan faɗa.

Na farko, ba a aji na fara ganinsa ba. Shekara goma sha takwas ke nan, mahaifina, ma'aikacin injin gurzar auduga a nan Funtua, ya kwanta ciwo. Aka kai tuwo ya ƙi, aka kai kunu ya ƙi. Maƙwabciyarmu, Mama Modupe, ta shigo dubiya ta tarar da mahaifiyata Hajjo, mai ƙuli-ƙuli, tana hawaye a gindin turmi. Ta koma gida ta ɗauko fulawa da ƙwai da garin cakulan da danginta suka aiko mata daga kudu. Hajjo ta kawo sukari da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ba a matse manta ba. Yashi muka zuba a tukunya, muka ɗora kwano a ciki, muka sa garwashi bisa murfi.

Da aka buɗe, kek bai tashi ba, samansa duk ya tsattsage. Hajjo ta ɗauka ya lalace. Mama Modupe ta yi dariya ta ce, "Maman Naja, haka ake son sa. Kai masa da ɗuminsa."

Baba ya shinshina, ya ci yanka biyu, ya ce, "Hajjo, wannan gyaɗar Tsiga ce." Kuma kuwa daga gonar ƙaninsa ta garin Tsiga take. Wata biyu ya ƙara a duniya, kowace Juma'a sai mun gasa masa.

Na biyu, nasiha ce. Ku soya gyaɗarku da hannunku, kada ku cika buga ƙullun, ku sauke shi cikinsa da sauran danshi. Sannan ku tuna, yaba kyauta tukuici. Mama Modupe ta koma garinsu ina 'yar shekara goma sha shida, kullum ina cewa zan neme ta. Bara ɗanta Lamidi ya zo kasuwar hatsi, ya shaida mini ta rasu. Ban taɓa ce mata na gode ba. Ku da malamanku ke zaune a gabanku, kada ku fita ƙofar nan ba ku faɗa musu ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya saka wa maƙwabtan kirki, Ya sa albarka a hannuwanku, Ya mayar da kowa gida lafiya.

Na gode.