Hannun da Ya Yi Rawa a Valencia

A tashar jirgin ƙasa ta Xàtiva, wani dattijo ya ƙura wa jakar tanis ɗin Amparo ido, sannan ya dubi fuskarta.

"Ke ce kika zubar da kofin gasar tanis a Valencia! Saura maki ɗaya, maimakon ki maka ƙwallo da ƙarfi, sai kika lallaɓa ta, ta kasa tsallake raga."

"Ni ce, Baba," in ji Amparo. "Yanzu koyarwa nake yi."

"Kaicon 'ya'yan mutane! Me kike koya musu, tsoro?"

"Wannan lallaɓawar dai. Abokiyar karawata tana can ƙarshen fili a lokacin. Dabarar daidai ce, hannuna ne ya yi rawa. Na yarana ba ya rawa."

Dattijo ya yi tsaki, yana jujjuya hularsa.

"Jikata ma haka take lallaɓawa. Mai horar da ita ya ce ta daina, ko ta bar kulob ɗin."

"Wa ya koya mata?"

"Ni. A wurinki na gani."

Jirgi ya iso, Amparo ta saɓa jakarta.

"Kawo ta filin da nake koyarwa ranar Litinin. Amma kai a bayan shinge za ka zauna, bakinka a rufe."