Ƙarin Giya a Tsohon Keke

A rumfar gyara, wani dattijo ya ƙi sakin tsohon kekensa na tsere.

"Giyar baya na ce ka ƙara. Me ya kawo sauya taya?"

"Baba, tayar nan giya biyar take ɗauka, ba takwas ba," in ji mai gyara. "Bar mini shi zuwa gobe."

"In bar maka? Ɗana ne ya kira ka, ko?"

"Ban ma san ɗanka ba."

Dattijon ya ƙare masa kallo, ya sassauta murya. "Shi ya sa na tsallake masu gyaran unguwarmu. Ɗan nawa ya rantse in ya sake ganina ina tura keken a hawan gada, zai ƙwace shi. Ƙarin giya ne zai sauƙaƙa mini hawan. Sauya tayar, amma ƙafata ƙafar keken nan."