Itacen da Na Mayar Daji

Tunkiyata na sayar na yi kuɗin mota, wata ja mai cin tsummoki, wadda ko mai sayen sai da ya nemi ragi saboda halinta. Lokacin kakanku bai daɗe da rasuwa ba, rufin ɗakin nan kuma ya ruɓe, idan ana ruwa sai in kwana da tasa a kan ciki. Na rantse ba zan dawo daga Abuja ba sai da kwanon rufi.

Farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, kuɗi na ta yawo a garin, kowa oga ne. Wata 'yar garinmu mai tuwo-tuwo a Garki ta haɗa ni da Hajiya, wata darakta da ke neman mai girki. An ce aikin ofishinsu kula da itatuwa ne. Na ce Allah ya ba da sa'a, ban ɗauka abin ya shafe ni ba.

Ranar farko maigadinta ya ce mini, "Mama, ka zo lafiya?" Na waiwaya in ga namijin da ya biyo ni. Ke Hadiza, bar dariya, haka Hausarsu take.

Faɗanmu da Hajiya ɗaya ne, gas. Ni tsoronsa nake, kuma tuwonsa lami ne.

"Hajiya, a bar ni in kafa murhu a bayan gida."

"Inna Talatu, nan Abuja ce. Hayaƙi zai ɓata fenti."

"Fentin ake ci?"

"Ci gaba dai, mu ga ko za ki kai ƙarshen wata."

Na haƙura da gas ɗin, don albashinta mai kyau ne, kuma na fara tarawa.

Ana nan sai ofishinsu ya shirya abin da suke kira fikinik, zuwa wani gandun dajin gwamnati mai nisa. Wai mutum ya bar fanka da katifa, ya ƙona mai, ya je daji ya zauna a ƙasa ya ci shinkafa da ƙuda. Aka ɗauke ni don in raba abinci. Bas guda muka cika, har da babban ogan Hajiya, wani dogo mai tabarau wanda in ya yi tari kowa sai ya gyara zama.

A can aka juye mu a wata buɗaɗɗiyar mota, aka ce kowa ya yi shiru. Manyan mutane da tumbi suna raɗa, suna nuna gwanki da yatsa, ba mai maganar wuƙa. Da giwa ta ɓullo daga nesa, wata mata har da hawaye. Gwaggon biri kuwa ya zo ya buɗe kular kaji ya zaɓi cinya, suka yi masa tafi. Da ni na yi haka, da tuni an ce ɓarauniya.

Ni ba giwa nake kallo ba. Itace nake kallo. Marke da ƙirya busassu, zube ko'ina, ba mai ɗauka. Kun san a garin nan macen da ta shiga daji ta fito kai ba kaya, sai an yi sati ana yi da ita a bakin rijiya. Na ce in Hajiya ta ga irin wannan itace kyauta, ta ɗanɗana tuwonsa, maganar fenti ta ƙare.

Da suka tafi kallon wani tafki, aka bar ni gadin kuloli, direba na ta minshari. Na ci ɗamara, na tsinto, na ɗaure da ɓawon kalgo, na jera a bayan bas, na lulluɓe da tabarmi don kada ya yage wa wani riga.

A ƙofar fita wani ma'aikacin gandun mai koren kaki ya buɗe bayan bas ya ɗaga tabarma.

"Wannan na wane ne?"

"Nawa ne, ɗana," na ce da fara'ata. "Amma damin ƙasa na Hajiya ne, ƙirya ce zalla, ita na zaɓar wa."

Oga mai tabarau ya juya a hankali ya dubi Hajiya. Sai a lokacin na lura da ƙaton hoton bishiya da aka zana a jikin motar.

Mai kakin ya ce doka ta hana fita da ko tsinke, a mayar.

"A mayar wa wa?"

"Daji, Mama. Gara ta ci, ƙasa ta amfana."

"Yanzu gara gwamnati ke kiwo?"

Sai ya taya ni ɗora dami. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an ɗauki itace daga titi an kai daji ba, sai a kaina. Ina gaba, yana biye da bindiga, 'yan ofis na ta ɗaukar hoto, wallahi fiye da yadda suka yi wa giwar. Kunya ta kama ni, amma baƙin cikin ƙiryar nan ya fi kunyar.

Muka koma Abuja. Washegari na ba Hajiya haƙuri, ta ce, "Inna Talatu, ni ma haƙurin nake bayarwa a ofis tun safe." Ƙarshen wata ta sallame ni, ta haɗa mini da turmin atamfa, don ba muguwa ba ce.

Na dawo gida na kira mai rufi, ya duba abin da na tara, ya duba ɗaki, ya ce rabi zai rufe. Na ce rufe. Shi ya sa kuka taso kuka ga ɗakin nan gefe kwano, gefe ciyawa. Hadiza, ga hadari can ya haɗo, ja tabarmar nan mu koma ɓangaren Abuja.