Bargon Dutsen Hada

A tashar motar Ɗa'if da ke Bab Makka, Abdulgaffar na zaune rungume da ƙunshi, sai matar da ke gefensa ta dube shi.

"Alhaji, bargo a zafin Jiddan nan?"

"Ba nawa ba ne, Hajiya. Shekara tara ke nan, tun ba a fasa titi ba, na hau dutsen Hada na hanyar Ɗa'if a ƙafa cikin sanyi. Akwai wani tsoho ɗan ƙasarmu mai ɗakin dutse a can sama, rani da damina yana saukar masu hawa. Kwana uku hazo ya tsare ni a wurinsa. Da zan tafi ya yafa min wannan, na ce Juma'a zan dawo da shi."

"Wani mai ɗingishi?"

"Shi fa! Kin san shi?"

"Mahaifina ne. Shi ke nan, bara ya rasu."

"Innalillahi!" Abdulgaffar ya miƙa mata ƙunshin. "Karɓi, don Allah. Wallahi kullum yana raina."

"Riƙe abinka, Alhaji. Duk sanyi in na ce zan sayo masa wani, sai ya ce in bari, mai Juma'a na hanya."