Hannun Hagu Biyu

A ɗakin jiran likita wani tela ya zauna kusa da wata dattijuwa, wayarsa a hannu.

"Me ya kawo ka, ɗana?" ta tambaye shi.

"Mantuwa, Inna. Sai in auna kafaɗar mutum, kafin in ɗauki almakashi awon ya gudu. Jiya hannun hagu biyu na yanka wa riga ɗaya."

"Tun yaushe?"

"Tun da ƙanena ya tafi neman aiki ya daina kira. Amma wannan daban ne."

Ya sake leƙa wayar.

"Kana samun barci kuwa?"

"Na'am? Me kika ce?"

"Cewa na yi kanka lafiya lau yake. Ƙanenka ne ya cika shi maƙil, awo ya rasa wurin zama."