Ƙanwar Kowa a Kotu

Ina zaune a benci a ƙofar kotun iyali, tsakanin wani tela da wata tsohuwa, kaina a ƙasa.

"Inna, yau za a ba ni riƙon 'yata," in ji telan. "Lauyata ta ce in kwantar da hankalina."

"Wacce?" in ji tsohuwar.

"Mai tabarau ɗin nan. Har gida ta zo, ta ce in ɗauke ta ƙanwata."

Tsohuwar ta yi dariya. "Ɗana, ba lauyarka ba ce. Kotu ke tura ta duba gida, ta kai wa alƙali rahoto. Me ka gaya mata?"

"Komai. Har ranar da na manta yarinyar a makaranta."

"Kai, ka zazzage mata buhun kaf!"

"Ai shawara take ba ni!"

"Ni ma a shari'ar jikana cewa ta yi ita 'yata ce. Na buɗe mata cikina, sai ga ciwon gwiwata a bakin alƙali."

Aka buɗe ƙofa, mai tabarau ta leƙo tana murmushi. "Yayana, shigo."

Telan bai motsa ba. Tsohuwar ta zungure shi. "Tashi mana, ƙanwarka na kira."